Daga Turu Zuwa Gidan Gyaran Hali: Mai Taɓin Hankali a Gaban Shari'a a Gobir

Duk dokokin da aka taɓa yin hukunci da su a yankin Sabon Birni da Isa, daga fiƙihun Malikiyya har zuwa kundin laifuffuka na yau, sun yarda da magana guda: wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi kamar yadda ake kama mai hankali. Wahalar tana zuwa ne bayan an faɗi haka. Mutum ya sari maƙwabcinsa da gatari alhali bai san abin da yake yi ba, alƙali ya ce babu ƙisasi a kansa. To ina za a kai shi? Wa zai ciyar da shi, wa zai nema masa magani, wa kuma zai ce ya warke a sake shi? Wannan nauyi ya sha canza hannu a gabashin Sakkwato, daga dangi zuwa fada, daga fada zuwa gwamnati, kuma sau da yawa wanda ya karɓi ikon tsare mutumin bai karɓi ɗawainiyar jinyarsa ba.

A tsohuwar Gobir, wadda kufan babban birninta Alkalawa ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau, ba a ɗauki hauka abu ɗaya ba. Akwai wanda aka haifa da ƙarancin hankali, akwai mai farfaɗiya, akwai wanda aka ce iska ta taɓa shi a bakin gulbi ko a gindin tsamiya da tsakar rana. Wani kuma a ce sammu aka yi masa, ko kurciya ce ta fitar da shi daga gari ya shiga duniya. Kowane irin ciwo da masu maganinsa: boka da sassaƙe da hayaƙi, malam da rubutu da tofi, 'yan bori da girka. A Gobir bori yana da gurbi a cikin sarauta kanta, domin Inna, wadda akan naɗa daga matan gidan sarki, ita ce shugabar 'yan bori na ƙasar, kuma tana da fada da mabiya. Saboda haka mutumin da ya haukace yakan fara faɗawa hannun masu magani tun kafin maganarsa ta isa gaban mai hukunci.

Shi mahaukaci marar duka ba a cika tsare shi ba. Yana yawo kasuwa, yana kwana a zaure ko a rumfa, ana ba shi sadakar tuwo, kowa ya san gidansu. Wanda ya fara duka ko cinna wuta shi ake sa wa turu. Turu gungumen icce ne mai nauyi da aka huda, a zura ƙafar mutum ɗaya a cikin ramin, a buga ƙusa ko turaku ta yadda ƙafar ba za ta fita ba. Wani turun ana iya jan sa da igiya a ɗan taka zuwa bayan gida, wani kuwa ko motsa shi ba a yi. Inda akwai maƙeri sai a ƙera mari, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu. Akan ajiye mutumin a ɗakin baya ko a gidan mai magani, uwa ko mata tana kai masa abinci. Idan aka daɗe, ƙafar takan yi gyambo, wani lokaci ta shanye. Masu yin haka galibi ba su ɗauke shi horo ba. Abin da suke gudu shi ne ya kashe wani a zo a kama su da diyya, ko ya faɗa rijiya, ko ya ɓace.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804 kuma ya ci Alkalawa a 1808, ya ɗora hukunci a kan littattafan Malikiyya da malamai suka daɗe suna karantawa: Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim wadda alƙalai suka fi riƙewa. Tushen hukuncin shi ne hadisin da ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe, har kowannensu ya dawo hayyacinsa ko ya balaga. A kan wannan malamai suka gina bayani dalla-dalla. Majanuni ba a yi masa haddi, ba a yi masa ƙisasi, iƙirarinsa ba ya zama hujja, sakinsa ba ya aukuwa, kuma ana hana shi juya dukiyarsa a naɗa masa waliyyi. An rarrabe mai hauka tuburan da wanda haukarsa ke zuwa tana tafiya; shi na biyun idan ya yi laifi a lokacin da yake cikin hankalinsa, an kama shi da shi. Wanda ya bugu da gangan kuwa bai sami wannan rangwame ba, domin shi ya jawo wa kansa.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan tsari shi ne wanda aka cuta ba ya tashi a tutar babu. Kisan da majanuni ya yi, ko da ya yi kama da na ganganci, ana lissafa shi kisan kuskure, diyya kuma ta hau kan aƙilarsa, wato danginsa maza ta wajen uba, su biya cikin shekara uku. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Raunin da diyyarsa ba ta kai sulusi ba, da kuma ɓarnar dukiya, daga dukiyar shi mai ɓarnar ake biya. Wannan ya sa dangi suka zama masu tsaro na farko, tunda sakacinsu aljihunsu yake taɓawa. Muwaɗɗa ta kawo wani labari da ya yi daidai da abin da ake yi a ƙasar Hausa: Marwan ɗan Hakam ya rubuta wa Mu'awiya cewa an kawo masa mahaukaci da ya kashe mutum, Mu'awiya ya amsa da cewa a ɗaure shi, kada a kashe shi. Ke nan ɗauri ya sami madogara a littafi, amma a matsayin kariya. Littafin bai ƙayyade tsawon ɗaurin ba, kuma wannan giɓi ya bi mai taɓin hankali har cikin dokokin da suka zo daga baya.

Garuruwan Isa da Sabon Birni sun tashi ne a bakin daga. Isa ribaɗi ce ta daular Sakkwato, zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke riƙe da ita da sarautar Sarkin Gobir. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma wani daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Don haka a wannan yanki alƙali da Inna sun zauna kusa da juna fiye da sauran sassan daular. Shi kansa Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, musamman maganin Annabi, yana neman ya ba jama'a abin da za su riƙe maimakon bori, amma iyalin da ɗansu ya zauce ba sa barin ƙofa ɗaya ba su ƙwanƙwasa ba.

Gidan yari kuwa akwai shi a manyan birane. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa ya rasu a can a 1827, ya bayyana kurkukun birnin a matsayin gini mai rufin ƙasa da rami mai zurfi a tsakiya inda ake jefa masu manyan laifuffuka. A Kano gidan Ma'ajin Watari ne ke wannan aiki. Ɓarayi da fursunonin yaƙi da bayin da suka yi tawaye su ne mutanen irin waɗannan gidaje. Mahaukaci mai dangi a gida ake tsare shi.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris 1903, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 kuma suka ja iyaka tsakaninsu da Faransa, Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna ɓangaren Ingila. Mulkin En'e ya bar alƙalai da dogarai da Yari a bakin aikinsu, sai dai an yi wa kotuna daraja-daraja. Alƙalin gunduma yana sauraron ƙananan ƙararraki, shari'ar kisa kuwa sai Sakkwato, kuma hukuncin kisa ba ya tabbata sai Gwamna ya sa hannu. An hana yanke hannu, ɗauri na wata kaza ko shekara kaza ya zama babban horo. Daga nan gidan yari ya zama wurin da hukuma ke kai duk wanda ta rasa yadda za ta yi da shi.

Gidajen mahaukata na gwamnati a kudu aka fara buɗe su, a Kalaba da kuma Yaba ta Ikko, wadda ta fara karɓar mutane a 1907. Dokar mahaukata ta 1916 ta game ƙasar baki ɗaya, aka sake tsara ta a kundin dokoki na 1958. Ta ba likita ikon tsare mutum na 'yan kwanaki don a duba shi, ta ba majistare ikon yin bincike ya yanke cewa mahaukaci ne a kulle shi, ta kuma ba Gwamna ikon ayyana kowane wuri a matsayin gidan mahaukata. Da wannan iko na ƙarshe aka mayar da wasu ɓangarori na gidajen yari ɗakunan mahaukata, aka sa gandirobobi su zama masu jinya. Nan aka sami rukuni biyu da har yanzu ma'aikatan gidan yari suka san su: mahaukacin da ya yi laifi, da mahaukacin da bai yi laifin komai ba, danginsa ko hukuma ce ta kawo shi don an gaji. Dokar ba ta yi maganar magani ba, tsarewa kawai ta sani. A Arewa gwamnati ta bar yawancin ɗawainiyar a wuyan En'e, da hujjar cewa jama'a suna kula da nasu. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ya fi jan hankalin masu mulki shi ne arha. An turo masana su duba lamarin, Cunyngham Brown ya fitar da rahoto a 1938, Carothers a tsakiyar shekarun 1950, duka suka nuna cunkoso da rashin magani, amma kuɗin gina asibitoci bai fito yadda suka nema ba.

A Aro ta Abeokuta, daga 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya. Ya saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya. Da an kawo irinsa Gobir da bai zama baƙo ba, domin dangi su raka majinyaci gidan mai magani su zauna tare da shi abu ne da aka saba, amma bai iso ba.

Gab da samun 'yancin kai gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ta haifi kundin Penal Code na 1959, wanda ya fara aiki a 1960, an kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 51 ya ce babu laifi a kan wanda, a lokacin da ya yi aikin, taɓin hankali ya hana shi sanin irin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Asalin wannan ma'auni Ingila ne. A 1843 wani mai suna Daniel M'Naghten ya harbe sakataren Firayim Minista Robert Peel, kotu ta wanke shi saboda hauka, hayaniyar da ta biyo baya ta sa alƙalai suka shimfiɗa ƙa'idojin da ake kira da sunansa. Ma'aunin na Arewa ya fi na Kudu tsauri, domin sashe na 28 na kundin Kudu ya haɗa da wanda ya san abin da yake yi amma ya kasa kame kansa. Kuma doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai ya kawo hujja, nauyin hujjar yana kan wanda ake tuhuma. Shaidar likita, da ta dangi a kan halinsa kafin abin ya faru da bayansa, su ake dubawa. Rashin dalilin aikata laifin shi kaɗai ba ya wadatarwa.

Dokar bin shari'ar laifuffuka ta 1960 ta ƙara abu biyu. Idan wanda ake tuhuma ba zai iya fahimtar shari'ar ba, sai a dakatar a tura shi likita ya duba. Idan kuma an tabbatar ya yi aikin amma ba ya cikin hankalinsa, sai a tsare shi har sai Gwamna ya ga dama. A nan ne abin ya juye. Wanda aka yanke wa shekara biyar ya san ranar fitarsa, wanda aka wanke saboda hauka bai sani ba. Diyyar da ke hawa kan dangi ta ɓace daga lissafi, dangin wanda aka kashe ba su sami komai ba, dangin wanda ya yi kisan kuma an sauke musu nauyi, sai zumunci ya yanke a ƙofar gidan yari. Kundin ya kuma sa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka a sashe na 231, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, wato mai tsananin baƙin ciki da ya tsira da ransa zai iya farkawa ya tarar da ɗan sanda a bakin gado.

Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti a kan 'yan sanda da gidajen yari ƙarƙashin Yusuf Gobir, wani babban ma'aikaci ɗan Ilori. Rahotonsa ya sa tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e a 1968, a daidai lokacin da kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha. Fursuna ya zama na tarayya, shari'arsa ta jiha, asibitinsa kuma wani lokaci na wannan wani lokaci na waccan. Asibitin masu taɓin hankali na Kware, kusa da Sakkwato a kan hanyar Illela, ya zama na tarayya a tsakiyar shekarun 1990. Da shari'ar Musulunci ta dawo fagen laifuffuka, Zamfara a 2000 sannan Sakkwato ta bi baya, sababbin kundayen sun riƙe ƙa'idar ɗauke laifi daga majanuni, amma ba su zo da sabon wurin ajiye shi ba.

Yadda abin ke gudana a yau ana iya bin sa daki-daki. Mutum ya rikice a kasuwar Sabon Birni ya ji wa wani rauni mai tsanani. Idan ya tsira daga hannun taron jama'a, 'yan sanda su kulle shi, su rubuta rahoton farko su kai shi gaban majistare. Idan rai ya salwanta majistare ba shi da hurumin shari'ar, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Lauya ne zai tayar da maganar taɓin hankali, shi kuwa galibi ba shi da lauya sai in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ta ci karo da shi. Rahoton likita sai an kai shi Kware ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ana bukatar mota da mai da masu rakiya. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, kuma a cikinsu wanda ba ya iya faɗin sunansa daidai shi ya fi saurin ɓacewa a cikin fayil. Sau da yawa ziyarar Babban Jojin jiha ta rage cunkoso ce ke tono irinsu. Rahoton Amnesty International na 2008 ya nuna har a lokacin ana tsare da masu taɓin hankali da ba a tuhume su da komai ba a gidajen yarin ƙasar.

Saboda haka iyalai da yawa ba sa bin ta hannun hukuma. Suna kai nasu gidan mari, inda ake haɗa mai taɓin hankali da mai shaye-shaye da yaro mai ƙiriniya a ɗaki ɗaya, ko su tsallaka iyaka wajen masu magani a ƙasar Maraɗi. A Satumba 2019 'yan sanda sun fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane wajen 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka bi da samame a Daura da Zariya da wasu garuruwa. An rufe gidaje, an kama masu su, amma dalilin da ya sa iyaye ke biyan kuɗi a ɗaure musu 'ya'ya yana nan. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba.

Abubuwa biyu sun ƙara dagula lamarin a gabashin Sakkwato. Ƙwayoyi irin su tramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, sun haifar da matasan da kotu ke rasa inda za ta sa su: buguwar ganganci ba uzuri ba ce, amma wanda shekarun shaye-shaye suka taɓa wa ƙwaƙwalwa majinyaci ne ko da bai sha komai ba ranar. Sai kuma ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a Mayu 2020, ya kuma kori dubbai zuwa jihar Maraɗi. Ƙauyen da ya watse ba ya iya riƙe mahaukacinsa. A garin da kowa ke tsoron infoman 'yan bindiga, baƙon da ke yawo shi kaɗai, ba ya iya bayanin daga ina ya fito, yana cikin haɗarin da ya fi na gidan yari.

A takarda an sami gyara mai yawa cikin 'yan shekarun nan. Dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta umarci shugaban gida ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin rikicewar hankali, ta kuma tanadi kwamitin duba lafiyar ƙwaƙwalwar fursunoni a kowace jiha. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin magani da kariya daga azabtarwa da ɗauri da sarƙa. A Maris na shekarar aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon kafa gidajen gyaran halinsu. Sai dai gandiroban da ya ƙi karɓar mutum dole a sami inda za a kai shi, kuma asibitin tarayya na wannan fanni a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara guda ɗaya ne, na Kware. Daga Isa ko Sabon Birni tafiyar sa'o'i ce a kan hanyar da direbobi ke gudun bi da yamma, kuma kuɗin mota da na magani dangi ne ke biya.